Jan Faifai a Bangon Jami'a

Shafi na 8

Kai ne, Zainulabideen. Bakinka ne ya kashe Sa'ade mai nono. Bakinka ya kwantar mana da mutum goma sha ɗaya a gonakin gero, kuma saboda kai ɗana yake ɗaure yau kwana tara.

Ku masu aiko da saƙo kuna cewa "Inna Lami kin bar mu da jira," to ga shi nan. Ni ban yi boko ba. Maƙwabciyata Malama Naja'atu ke rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mani magana ko ɗaya.

Zainulabideen ɗin nan, duniya ta san shi da Ambasada. Ta san shi da Farfesa. Ni Jinjiri na sani, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya. Uwarmu ta rasu yana da wata biyar, ni ina da shekara goma sha ɗaya. Bayana ya yi wa fitsari har ya yi ƙafa. Madarar da ta rayar da shi kuwa, uwar Sa'ade ke kawo mana ita daga ruga kowace safiya. Ku riƙe wannan.

Na gaya maku a baya yadda ƙauyenmu, can bayan Wagini, ya yi shekara uku mutanen daji ba su same mu a gida ba. In Sa'ade ta shigo talla ƙwaryarta rufe da farin faifai, lafiya. In da ja ta rufe, to ta jiyo wani abu a ruga, suna tafe. Sai Mai Unguwa Umaru ya sa a kora shanu, mata da yara mu yi Batsari. Mutanen gari sun ɗauka istiharar Liman ce. Mu huɗu muka san gaskiya, mu huɗu muka dafa Alƙur'ani: Mai Unguwa, Liman, ni da na saƙa faifan, sai ɗana mai ɗauko ta a babur daga bakin rafi.

Ɗan farina ne. Shekara talatin da huɗu ban kira sunanshi da bakina ba. Yau kunya ta ƙare. Ubaidullahi. Rubuta shi da kyau, Malama.

Da aka tsinci gawar Sa'ade a bakin rafi, an ɗora mata jan faifan nan a fuska. Kwana biyu tsakani mutanen daji suka faɗo mana da hantsi, mutane na yankan gero, ba mai gargaɗi. Da Mai Unguwa ya fasa sirrin a wajen jana'iza, tambaya ɗaya kowa ya yi: wa ya kai magana daji? Ba Liman ba, ba Mai Unguwa ba, ba tsohuwa ba. Sai mai babur. 'Yan sa-kai suka kama shi, suka ce infoma ne. Shugabansu Musbahu ƙannenshi biyu ya binne rannan. Sai da Mai Unguwa ya tuɓe rawaninshi ya ajiye gabanshi, sannan ya yarda kada a kashe shi sai bayan sallar Juma'ar mako na gaba.

Shi ya sa ran Litinin na ɗaura zanena na tafi neman ƙanena. Na ce mutumin da ya yi jakada a ƙasa biyu, ya zauna tsakanin 'yan tawaye da gwamnatinsu a ƙasar da ba tashi ba har suka ajiye bindiga, ai ba zai kasa kwance igiya ɗaya a garin ubanshi ba. Waya ba ya ɗagawa. Babur ɗaya, mota uku na hau. Na kwana gidan wata 'yar garinmu, Talata da safe ta kai ni ƙofar jami'a.

Mai gadi ya dube ni sama da ƙasa.

"Baba, in sadaka ce ba nan ba ne."

"Ubanka ne mai bara. Ambasada nake nema, ni na goye shi."

Wata mai shara ce ta ji tausayina. Ta ce yana aji. Ta kai ni wani ɗaki mai kujeru hawa-hawa, ta zaunar da ni can baya kusa da ƙofa.

Ga shi can ƙasa, gashi ya yi fari, tabarau a hanci, yana zuba Turanci. Ɗalibai sun fi ɗari, kowa na rubutu. Wallahi sai da na ji daɗi. Na ce a raina, Inna, da kin ga Jinjirinki.

Akwai wata na'ura da ke haska hoto a bango kamar majigi. Ya nuna taswira. Ya nuna sojoji masu shuɗiyar hula. Ya nuna kanshi zaune da waɗansu manya, ana musabaha. Ni dai ina jira ya gama.

Sai ya danna wani abu.

Hannuna ya fito a bango.

Hannuna, jama'a. Ya fi ƙofar ɗaki girma. Ga zoben azurfata, ga tabon ƙunar da na yi wajen suyar ƙuli. Hannun na riƙe da jan faifai, mai baƙin zare a baki, saƙata.

Ban ji kalma ɗaya a cikin abin da yake faɗa ba, sai guda. A tsakiyar Turancin ya ce "faifai." Ya sake cewa "faifai." Ɗalibai suka yi murmushi, wasu har da tafi.

Nan na tuna. Bara da damina ya zo ta'aziyyar mijina. Ya zauna a ɗakina yana cin tuwon dawa da hannu kamar da. Ya ce, "Yaya, yaya kuke yi kuke tsira, duk maƙwabta an tashe su?" Na ƙi faɗa. Ya ce, "Ni fa? Sirrin ƙasa guda aka ba ni ajiya shekara ashirin." Sai na jawo ɗan'uwan faifan daga ƙarƙashin gado, don biyu na saƙa. Na gaya mashi. Ya ce in riƙe ya ɗauki hoton saƙar, ta yi kyau.

Na miƙe tsaye.

"Jinjiri!"

Kai ɗari suka juyo.

"Jinjiri, hannun wa ke nan a bango?"

Abin dannawar ya faɗi daga hannunshi. Ya ce wa ɗaliban wani abu, suka fara fita suna kallona. Ya hau matakalar da sauri ya kama hannuna, wannan hannun dai, ya ja ni zuwa ofis.

Ofis mai sanyi kamar randa. Ya rufe ƙofa, ya durƙusa.

"Yaya, ina kwana? An zo lafiya? Ya hanya?"

"Riƙe gaisuwarka."

"Me ya sa ba a gaya mani kina tafe ba? Da na aiko mota."

"Sau nawa za a kira ka? Wayarka ta fi ka girman kai."

"Taro ya yi mani yawa, Yaya. Na ji abin da ya faru, wallahi na ji. Ina shirin zuwa ta'aziyya."

"Ka ji an kama ɗanka?"

Ya ɗago kai. "Wane?"

"Ɗa nawa gare ni mai babur?"

Ya ce innalillahi. Ya jawo kujera, na ƙi zama. Na gaya mashi komai a tsaye. Da na zo kan faifan da aka ɗora wa Sa'ade a fuska, sai ya cire tabarau ya ajiye.

"Wa da wa ka nuna wa hoton nan?"

"Ɗalibai ne kawai. Darasi ne kan yadda talakawa ke kare kansu in hukuma ta yi nisa. Yabonku nake yi. Ban faɗi sunan gari ba, ban faɗi sunan kowa ba. Haka ƙa'idar aikinmu take."

"Ɗalibanka ba su da bindiga. Wa kuma?"

Ya kau da kai.

"Dube ni. Tun kana rarrafe in ka saci ƙuli kunnenka na dama ke motsi. Ga shi yana motsi. Wa kuma?"

Ya sunkuyar da kai.

"An yi zaman sulhu wata biyu da suka wuce, ta wajen Safana. Ni aka roƙa in shiga tsakani."

"Da su?"

"Da wakilansu. Mutum bakwai suka zo, da makamansu."

"Sai me?"

"Zaman ya yi zafi. Babbansu ya miƙe zai tafi, yana cewa mun ɗauke su duka dabbobi, ba mu bambanta mai laifi da marar laifi. Yaya, in ya fita shi ke nan. A aikinmu in mutum zai tashi, kana nemo wani alheri na ɓangarenshi ka faɗa, don ya san kana ganinshi mutum. Na yi haka a ƙasashe uku, ya yi aiki."

"Wane alheri ka nemo?"

Muryarshi ta dawo kamar ta yaro.

"Na ce ni shaida ne akwai masu tsoron Allah a rugage. Na ce akwai ƙauyen da wata mai tallar nono ke ceto da launin faifanta."

Na ce,

"Ya zauna?"

"Ya zauna. Har ya yi murmushi. Ya ce Allah ya yi mata albarka."

"Ya yi murmushi."

"Ban faɗi suna ba, Yaya! Wallahi ban faɗi ba!"

"Mai nono nawa ce ta rage mai shigowa ƙauyukanmu? Ka ƙirga mani, kai mai ilimi. Uku ne. Ɗaya makauniya ce jikarta ke ja, ɗaya da bokitin roba take talla. Saura wa? Ka ɗauka nan irin biranen da ka zauna ne, inda maƙwabci bai san maƙwabci ba? Nan in ka ce 'mai jan akuya' an san gida, an san ɗaki!"

Ya rufe fuska da hannu biyu.

"Ka san 'yar wa ce? 'Yar Inna Dije ce. Madarar gidansu ce a ƙashinka. Kana kuka cikin zanena, uwarta ke tatso maka. Ka biya su."

Ya yi kuka. Ba zan ɓoye ba, ya yi kuka sosai, har majina. Na bar shi ya yi. Ni nawa hawayen sun ƙare tun a bakin rafi.

Da ya lafa na ce, "Tashi ka ɗauko makullin mota. Za ka tsaya gaban Musbahu da Mai Unguwa ka maimaita abin da ka gaya mani."

Ya share fuska. Ya mayar da tabarau. Ina kallo Jinjiri ya tafi, Ambasada ya dawo.

"Yaya, zauna mu yi magana ta hankali."

"Au, da ta hauka muke yi?"

"Ran Asabar za a koma zama na biyu. Mutum arba'in da biyu ke hannunsu, yawanci mata da yara, daga ƙauyuka biyar. Sun yi alkawarin sakinsu. Ni kaɗai ɓangarorin biyu suka yarda da shi. In aka ji daga bakina wannan magana ta fita, mutanen ƙauyuka ba za su sake zama inda nake ba. Zaman ya rushe. Su arba'in da biyun nan fa?"

Na san wasu daga cikinsu, akwai 'yar ƙawata daga Tsaskiya da goyonta.

"Ki ba ni mako biyu."

"Juma'a aka ba ni."

"Zan kira manya yanzu. A tura jami'ai su karɓo shi."

"Kafin motarsu ta haye rafi an gama da shi. Kuma ko sun karɓo shi, ina zai zauna? Matarshi ta je rijiya shekaranjiya, mata suka janye gugansu. 'Ya'yanshi ana kiransu 'ya'yan infoma. Ba igiya kaɗai na zo kwancewa ba, suna na zo wankewa."

"To in rubuta takarda."

"Musbahu takarda ya binne?"

Ya yi ta zagaya ofis. Can ya tsaya, bai dube ni ba, ya ce,

"Kin san in na yi magana za su tambaye ni wa ya gaya mani?"

Ya faɗa a hankali, kamar mai ba ni shawara. Amma na gane. Wuƙa ce ya nuna mani a cikin kube.

"Na sani."

"Kin dafa Alƙur'ani, Yaya. Mutum goma sha ɗaya. Ba za su bar ki ki zauna a garin ba."

"Ni na faɗa maka. Na karya rantsuwa, Allah na gani, ban da bakin musu. Na faɗa wa yaron da na goya, a ɗakina, yana cin tuwona. Kai kuma ka ɗauka ka kai wa mai bindiga don ya zauna a kujera. Kowa ya ɗauki kayanshi. Amma wanda ke ɗaure bai faɗa wa kowa ba. Ko matarshi ba ta sani ba."

Ya ce, "Ki yi gaba. Zan biyo ki. Ki bar ni in yi tunanin yadda za a yi ba a rasa kowa ba."

"Rantse."

"In sha Allahu."

"Ban ce ka ce in sha Allahu ba. Rantse."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, wai ana jiranshi a wani taro. Ya ce direba ya kai ni tasha. Na ce ƙafar da ta kawo ni ba ta karye ba.

Jiya Laraba na iso gida da la'asar. Ban shiga ɗaki ba, na wuce ƙofar Mai Unguwa. Liman na nan, Musbahu na nan da bindigarshi a cinya, mutane sun taru. Na tsaya a tsakiya na faɗi komai. Na ce ni ce. Na ce ni na buɗe baki, ƙanena ya kai daji.

Liman ya yi salati. Mai Unguwa ya kasa ɗaga ido.

Musbahu ya dube ni ya daɗe. Yaron nan ni na yanke mashi cibi.

"Inna Lami, Allah ya ba ki haƙuri."

"Ba haƙuri na zo nema ba. Ka kwance shi ka ɗaure ni."

"Ko uwata ce haka za ta ce. Wace uwa ce ba za ta ɗauki laifin ɗanta ba? Kwana takwas kina ina da wannan magana? Sai da kika je birni aka kitsa maki?"

"Na ga hannuna a bango da idona!"

"Ni kuma na ga ƙannena a cikin gero. Ambasada babban mutum ne, ba ya irin wannan wauta. In shi ne, ya zo ya faɗa da bakinshi, gaban jama'a. In ya zo, wallahi da hannuna zan kwance Ubaidu, in durƙusa in roƙe shi gafara. In bai zo ba, Inna, kada ki fito ran Juma'a."

Na roƙa a bar ni in ga ɗana. Suka buɗe mani tsohon shagon taki. Yana zaune a ƙasa, hannu a baya, ido ɗaya ya kumbure ya rufe. Na gaya mashi. Na ce ni na jawo maka.

Kun san abin da ya ce?

"Inna, kin ci abinci a hanya?"

Sai kuma ya ce, "Kada ki sake faɗa a gaban mutane. Ki bar shi a kaina. Ke ina za ki je da tsufa?"

Malama, dakata. Bari in sha ruwa.

To. Yau Alhamis da hantsi yara suka shigo da gudu, wai ga baƙar mota ta hayo rafi. Na fita ba takalmi, ba mayafi. Na faɗi sau biyu. Ina gudu ina cewa Allah na gode, Jinjiri ya tuna bayan da ya hau. Duk gari ya fito. Musbahu ma ya fito, ya jingine bindiga a bango.

Motar ta tsaya. Ƙofar gaba ta buɗe, direba ya fito.

Na leƙa baya. Buhun shinkafa uku ne zaune a inda mutum ke zama.

Direba ya miƙo ambulan, wai a ba Mai Unguwa. Takarda ce da Turanci, da hatimi. Aka kira Malama ta fassara. Wai yana jajanta wa al'umma. Wai yana kira da a kai zuciya nesa, kada kowa ya ɗauki doka a hannunshi. Wai zai zo da kanshi nan da mako biyu. Ba faifai a ciki. Ba Sa'ade. Ba sunan ɗana.

Musbahu ya ɗauki bindigarshi ya koma.

Shinkafar na can bakin hanya, ko kaji ban yarda su taɓa ba.

Yanzu mun hau tudun makaranta ni da Malama, nan kaɗai waya ke kamawa. Ta ce mani, "Inna, in wannan ya fita, zaman Asabar fa? Mutanen da ke tsare a daji fa?" 'Yar ƙawata da goyonta suka faɗo mani a rai. Allah ya sani ban manta da su ba. In na cuce su, zan amsa a gabanShi. Amma ba ni na sa su a sikeli ɗaya da ɗana ba. Wanda ya sa, ya san harsuna biyar. Ya nemo kalmar da za ta fitar da su ba tare da an yanka mani yaro ba, ai aikinshi ke nan.

Ku ɗalibanshi, na san akwai ku a cikin masu karanta wannan. Kun ga hannun nan a bango, kun tafa. Ga mai hannun. Ku kai mashi waya har ofis, ku karanta mashi, in ya manta Hausa ku fassara.

Zainulabideen, daga ƙofar ofishinka zuwa ƙofar Mai Unguwa awa shida ne a motarka. Liman na hawa mumbari ƙarfe biyu saura. Ka je ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba ka tsaya gaban masu bindiga saboda 'ya'yan wasu. Gobe ka zo ka tsaya gaban Musbahu. Ka buɗe bakin nan da ka buɗe a Safana, ka gaya wa garin ubanka wa ya kashe Sa'ade.

Zan shimfiɗa tabarma a bakin rafi tun asuba, da faifan a hannuna.

Jinjiri, ka amsa mani. Za ka zo, ko in sayi likkafani?